Rising Force, Flex-Able ko Not of This Earth, da wanne ya kamata ka fara?

Duk wanda ya fara leƙa harkar jitar rok irin ta masu gudun yatsu, sunaye uku ne zai yi ta cin karo da su ko ya so ko bai so ba, Yngwie Malmsteen da Steve Vai da Joe Satriani, daga nan sai tambaya ta taso, to da wanne zan fara. Yawancin mutane sai su ce bari in faro daga tushe, wato albam ɗin da kowanne ya fara fitarwa da sunansa shi kaɗai ba a ƙarƙashin wata ƙungiya ba, Rising Force na Yngwie a 1984, Flex-Able na Vai shi ma 1984, sai Not of This Earth na Satriani a 1986. Dabarar ba laifi amma fa akwai rami a ciki, saboda albam ɗin farko ba matsayi ɗaya yake da shi a wajen mutanen nan ba. Yngwie ranar da ya fito ya riga ya gama nuna, abun da ya ajiye a 1984 shi ne dai yake ta juyawa har yau, su kuwa Vai da Satriani lokacin suna kan laluben hanya ne, manyan ayyukansu sai daga baya suka zo. Wanda bai san da haka ba zai iya kunna Flex-Able ya ji minti biyar ya kashe ya ce wai dama wannan ne Steve Vai ɗin da ake ta zuzutawa, ya yi tafiyarsa bai ƙara waiwayowa ba.

Mutanen nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ranar 18 ga Satumba 1970 shahararren makaɗin jitar rok Jimi Hendrix ya mutu a Landan. Yngwie yana ɗan shekara 7 a Stockholm ta ƙasar Suwidin ya ga an nuno Hendrix a talabijin yana cinna wa jitarsa wuta, tun daga nan ya rungumi jita. Satriani yana da shekara 14 a Long Island ta jihar New York, yana filin atisayen ƙwallon Amurka labarin ya iske shi, ya je ya ce wa kocinsa shi ya bar ƙwallo jita zai koma. Bayan kamar shekara 3 wani yaro ɗan makarantarsu ya zo koyo wajensa, jita a hannu ɗaya ko tsirkiya babu a jikinta, fakitin tsirkiya a ɗaya hannun, yaron nan shi ne Vai. Sannan a 1984 da Yngwie ya rabu da ƙungiyar Alcatrazz ta mawaƙi Graham Bonnet, wanda aka ɗauko ya maye gurbinsa Vai ne, ya riƙa hawa dandali yana kaɗa waƙoƙin Yngwie a gaban mutanen da Yngwie suka zo kallo. Ka ga kenan ba baƙin juna muke kwatantawa ba.

Bari mu fara da Rising Force. Mike Varney mai kamfanin fitar da faifai na Shrapnel ne ya ji kaset ɗin Yngwie ya gayyato shi Amurka, ya ɗan taɓa aiki da ƙungiyar Steeler, ya wuce Alcatrazz, sannan ya yi wannan albam da kamfanin Polydor bai wuce shekara 21 ba. Kiɗa 8 ne a ciki, duka ba su kai minti 40 ba, biyu ne kawai ake rera waƙa a kansu, sauran zallar kiɗa. Shi ya kaɗa jita shi ya kaɗa bas, ganga Barriemore Barlow ne tsohon ɗan Jethro Tull, kibod kuma ɗan ƙasarsu Jens Johansson.

Abun da ya sa albam ɗin ya girgiza mutane a lokacin, kafin shi yawancin makaɗan rok daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka suke ɗebo solo ɗinsu, wato wajen da ake sakar wa makaɗi ɗaya fili ya nuna gwaninta, sautuka biyar ɗin nan da ake ta zagayawa. Yngwie sai ya je ya kwaso kayan tsofaffin makaɗan Turai, su Bach da Vivaldi, musamman Paganini ɗan Italiya mai goge irin na Turawa, ya ɗora wa jitar lantarki, ya ce duk abun da goge zai yi jita ma sai ta yi, har gudun. Ba shi ya fara leƙa wannan wajen ba, Ritchie Blackmore na Deep Purple da Uli Jon Roth na Scorpions sun riga shi, amma shi ne ya tare a ciki gaba ɗaya. Kuma ga wani abu da ya shafe mu, akwai jerin sautukan da yake yawan hawa wanda ke da wani tsalle mai faɗi tsakanin sauti na biyu da na uku, Larabawa Hijaz suke ce wa irinsa, duk wanda ya tashi yana jin waƙoƙin Larabawa ko na finafinan Indiya ya san wannan ɗanɗanon ko bai san sunansa ba. Shi ya sa nake ganin kunnen Bahaushe ya fi saurin shiga Rising Force a kan sauran biyun, za ka ji wani layi ya wuce ka ce kai wannan ai kamar na san shi.

Black Star ita ce ta buɗe, da jitar katako a hankali, sannan ganga da bas su shigo da wani taku mai nauyi ba gaggawa, jita biyu su hau suna tafiya tare ɗaya a saman ɗaya. A nan za ka gane cewa masu cewa Yngwie gudu kawai ya iya ba su saurara da kyau ba, domin abun da ya fi kashe ni a kiɗansa shi ne yadda yake riƙe sauti ɗaya ya girgiza shi, girgiza mai faɗi kuma ba ta kaucewa, kamar tsirkiyar tana kuka. Akwai dalilin haka a jikin jitar kanta. Fender Stratocaster yake kaɗawa wadda aka ƙwaƙule katakon wuyanta tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya yi rami, yatsa ba ya taɓa katako sai tsirkiya kaɗai, don haka yana da cikakken riƙo idan zai ja ta ko ya girgiza ta. Ya ga irin wannan ne a jikin wata tsohuwar garayar Turai lokacin yana aiki a shagon gyaran jita yana yaro. Far Beyond the Sun ta biyo baya, ita ce wajen gudun, kuma a tsakiyarta shi da Jens suna jefa wa juna solo, jita ta yi kibod ya amsa, kowa na neman ya ƙure ɗan'uwansa. Icarus' Dream Suite ta haura minti 8, ta fara da sanannen kiɗan jimamin nan da ake jingina wa Albinoni, ita ce wadda za ka sa da daddare ka yi shiru. Farewell ta rufe, ko minti ɗaya ba ta kai ba.

Aibinsa fa? Akwai, kuma ba ƙarami ba. Zuwa kiɗa na shida ko na bakwai za ka fara jin kamar ka taɓa jin wannan gangarowar, saboda ka taɓa jin ta, yana da wasu hanyoyi da yatsunsa suka saba bi kuma ba ya jin kunyar komawa kansu. Waƙoƙin nan biyu da Jeff Scott Soto ya rera yana matashi, Now Your Ships Are Burned da As Above, So Below, muryar ba laifi amma kana ji ka san an yi su ne don jita ta samu wajen shigowa. Ganga da bas kuma an tura su baya, komai na jita ne, magori wasa kanka da kanka. Duk da haka albam ɗin ya kai lamba 60 a jerin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, abun da ba a saba gani ba ga albam ɗin da kusan babu waƙa a cikinsa, an sa shi cikin masu neman kyautar Grammy, kuma cikin shekara biyu zuwa uku Shrapnel ya cika kasuwa da masu bin sawunsa, Tony MacAlpine da Vinnie Moore a 1986, Paul Gilbert da ƙungiyarsa Racer X, sai Jason Becker da Marty Friedman.

To Flex-Able kuma wata duniya ce daban. Vai ya yi karatun kiɗa a Berklee da ke Boston, ya rubuta wani kiɗa mai wahalar tsiya na makaɗin Amurka Frank Zappa mai suna The Black Page a takarda ta hanyar saurare kawai ya aika masa, Zappa ya ɗauke shi aikin rubuta masa kiɗa, a 1980 ya shigar da shi ƙungiyarsa yana shekara 20. Da ya bar wajen Zappa sai ya samu gida a Sylmar ta Kalifoniya, akwai wata rumfar ajiye kaya a bayan gidan, ya gyara ta da hannunsa ya mayar da ita situdiyo ya sa mata suna Stucco Blue, ya sa na'urar tef ta Fostex mai layi 8, ya riƙa kiran abokansa suna ɗaukar duk abun da ya faɗo masa a rai. Abun da ya fito shi ne Flex-Able, kiɗa 11, kuma wallahi jakar magori ce, ba abun da babu.

Ta farko Little Green Men, waƙa ce a kan halittun wata duniya da wasu muryoyi kamar na katun, idan ka zo neman gwanin jita a nan za ka fara tunanin ko ba shi ka sauke ba. Lovers Are Crazy da The Boy/Girl Song waƙoƙin soyayya ne na wasa, Vai da kansa yana rerawa, kuma mu faɗi gaskiya ba don murya aka san shi ba. Bill's Private Parts daƙiƙa kaɗan ce ta ganga kawai. Next Stop Earth jita ce take kwaikwayon maganar mutum, ita ma ba ta kai minti ba. Ta ƙarshe There's Something Dead in Here kuwa da gangan aka yi ta ta dami kunne, idan ka sa ta a lasifika a gida za a leƙo a tambaye ka lafiya. Hannun Zappa ya fito ɓaro-ɓaro a ko'ina, barkwancin, lissafin bugun da ba ya tafiya daidai, da rashin damuwa da ko mai saurare zai ji daɗi.

Amma a tsakiyar wannan hargitsin akwai abubuwa uku da suka isa su biya ka. Salamanders in the Sun, mai taushi da wani irin zagaye mai daɗi da ba ka san inda zai sauka ba. Call It Sleep, inda yake amfani da sandar nan da ke jikin jita wadda ake dannawa ta sassauta tsirkiya, yana lanƙwasa sauti a hankali kamar mai magana cikin barci, duk manyan kiɗansa masu sanyi na baya daga nan suka samo asali. Sai uwa uba The Attitude Song, minti 3 da 'yan kai, jita tana zagaye a kan ƙirga 7 ganga tana tafiya a kan 4, suna saɓawa suna haɗuwa, Stu Hamm a kan bas, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ya zuba dabaru fiye da abun da wasu ke zubawa a albam guda. Mujallar Guitar Player ta maƙala wannan kiɗan a wani siririn faifan roba cikin fitowarta ta 1984, daga nan ne makaɗa suka fara tambayar wane ne wannan yaron.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi, wanda ni a wajena ya kusa fin kiɗan muhimmanci. Da Vai ya nemi kamfanin da zai fitar masa, sharaɗin da aka gindaya masa shi ne a ba shi ɗan kuɗi kamfani ya mallake aikin, ya ƙi, ya buɗe ɗan kamfaninsa Akashic, ya samu masu rarrabawa na Important Records ta hannun Cliff Cultreri, ya riƙe mallakar kayansa. Da sunansa ya tashi bayan ya shiga wajen mawaƙin rok David Lee Roth kuma ya fito a fim ɗin Crossroads a 1986, mutane suka koma neman tsohon albam ɗin, ribar tana shiga aljihunsa kai tsaye.

Not of This Earth shi ne wanda aka fi mantawa da shi cikin ukun, kuma akwai dalili, shekara ɗaya bayansa albam ɗin Satriani na biyu, Surfing with the Alien, ya fito ya rufe shi ruf. Lokacin Satriani ya kusa shekara 30, yana Berkeley ta Kalifoniya yana koyar da jita, cikin ɗalibansa har da Kirk Hammett na Metallica da Alex Skolnick na Testament da Larry LaLonde na Primus, ɗalibai sun yi suna malam yana nan. Kamfanin katin bashi ya aiko masa da kati mai dala 5,000, da shi ya biya kuɗin situdiyon Hyde Street a San Francisco, ya yi aikin a 1985 da injiniya John Cuniberti da mai ganga Jeff Campitelli, bashin ya kusa shaƙe shi har sai da ya shiga ƙungiyar Greg Kihn ya samu na biya. Tsohon ɗalibinsa Vai ne ya haɗa shi da Cultreri, kamfanin Relativity ya fitar.

Ƙarancin kuɗin nan yana fitowa a sauti, domin yawancin gangar inji ce aka haɗa da ɗan bugun hannu, busasshiya ƙwarai, kana ji ka san shekarun 1980 ne. Kiɗa 10 ne, babu waƙa ko ɗaya. Amma tunanin da ke ciki malam, a nan Satriani ya sha gaban Yngwie da Vai. Kiɗan farko mai sunan albam ɗin, bas yana zaune a kan sauti ɗaya tak daga farko har ƙarshe ba ya motsi, kod ɗin da ke sama, wato tarin sautukan da ake kaɗawa lokaci ɗaya, su ne suke canjawa, kowanne ya zo da jerin sautukansa, sai ka ji yanayi yana juyawa daga haske zuwa duhu ya dawo alhali gindin bai gusa ba. Wanda ya saba jin jitar Agadas, su Bombino da Mdou Moctar, inda ake kafa gindi ɗaya a yi ta zagaya shi, wannan zaman ba zai zame masa baƙo ba, sai dai su can ba sa canja jerin sautukan kamar yadda shi yake yi. Rubina sunan matarsa ne, kiɗa mai sanyi da ƙananan sautuka kamar ƙararrawa, har yau yana cikin mafi kyawun abun da ya rubuta. Memories tana da dogon solo inda hannun hagu ke yin kusan duk aikin, sautuka suna kwarara ba ka jin bugun fik, ɗan abun nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, a kan kowanne, saɓanin Yngwie da ke son ka ji cizon fik ɗin. The Enigmatic an gina ta a kan wani baƙon jerin sautuka da ba a saba ji ba, da ƙyar ta zauna a kunne, Hordes of Locusts ita ce mai nauyin cikinsu, The Headless Horseman kuma gajeriya ce, hannu biyu duka a kan wuyan jita yana dannawa kamar mai kaɗa fiyano.

Matsalarsa dai ba shi da wannan naushin na farko. Ba za ka kunna shi ka miƙe tsaye ba, sai ka ji shi sau uku sau huɗu tukuna ya fara kama ka, kuma akwai biyu ko uku a ciki irin su Driving at Night da za su wuce ba ka lura ba.

Yanzu ga zaɓin. Idan kai mai saurare ne kawai, ba ka kaɗa komai, kana so ka ji me ya sa ake ta surutu a kan waɗannan mutanen, ɗauki Rising Force kada ka tsaya dogon tunani. Shi kaɗai ne cikin ukun wanda albam ɗin farkon shi ne kuma mafi kyawun aikin mai shi, ko aƙalla yana cikin biyun farko, wasu za su kawo Marching Out na 1985 ko Trilogy na 1986 amma waɗancan waƙa ta fi yawa a cikinsu. Idan ka ji Rising Force ka ji Yngwie, ka gama da shi idan ka ga dama. Su kuwa sauran biyun idan Vai kake son sani Passion and Warfare na 1990 za ka nema, wanda ya kai lamba 18 a Billboard, idan Satriani ne Surfing with the Alien na 1987 wanda ya kai 29 kuma ya sa Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones ya ɗauke shi yawon wasa a 1988, bayan ka ji waɗannan sai ka dawo baya ka ga daga ina aka taso, a lokacin ne albam ɗinsu na farko zai yi maka ma'ana.

Idan kuma kana koyon jita ne to lissafin ya juye, ni Not of This Earth zan miƙa maka. Dalili, abun da ke cikinsa ana iya rage masa gudu a koya kuma ya yi amfani a kowane irin kiɗa, ka kafa sauti ɗaya a ƙasa ka riƙa canja abun da ke samansa, ko da jitar katako mai araha za ka iya gwadawa yau ɗin nan. Rising Force ga mai koyo yana da haɗari, yaro zai ji Far Beyond the Sun ya ce shi ma sai ya yi, ya shekara yana tseren yatsu sautin na fita a cakuɗe, bai iya riƙe sauti ɗaya ya yi daɗi ba, sauri ya haifi nawa. Idan lallai sai Yngwie to Black Star za ka kama, babban layinta ba gudu, kuma ka tuna ya sassauta duka tsirkiyoyinsa da rabin mataki, idan ba ka sauke naka ba za ka yi ta bin sa kana jin ba ku haɗu ba. Kar kuma ka ce za ka kai jitarka wajen kafinta ya ƙwaƙule mata wuya, wannan ramin ba ya ƙara gudu, hasali ma idan hannunka na da nauyi ka danna da ƙarfi sautin haurawa zai yi ya kauce. The Attitude Song kuwa tana buƙatar jita mai makullin tsirkiya irin Floyd Rose, idan ka gwada wannan danne-dannen sandar a kan jita mai arha kafin ka kai rabi ta warware gaba ɗaya sai ka sake saiti.

Flex-Able na wa ne kenan? Na mai ɗan situdiyo a ɗaki ne, mai kwamfuta da makirfo ɗaya da yake ganin kayansa sun yi kaɗan. Layi 8 kacal mutumin nan yake da su a rumfar bayan gida, manhajar da ke cikin wayarka yanzu ta fi haka, kuma ka ji yadda ya jera jita a kan jita da ƙaho da muryoyi ba su danne juna ba. Na kuma wanda ya riga ya san Zappa ne ko yake son kiɗan da zai ba shi dariya da mamaki lokaci ɗaya. Amma a ce shi ne ƙofar shigarka wannan harkar, a'a, ban ba ka shawara ba.

Batun sauti a waya shi ma abun dubawa ne tunda yawancinmu da iyafis ko ƙaramar lasifika muke ji. Rising Force ya fi jure wa ƙaramar lasifika saboda jitar tana gaba tsaf, ba abun da za ka rasa sosai. Not of This Earth yana son iyafis, domin idan bas ɗin nan da ke zaune a ƙasa ya ɓace to rabin dabarar ta tafi, sai ka ji kamar kod ne kawai ke yawo ba dalili. Flex-Able ma iyafis, akwai ƙananan abubuwa da aka ɓoye hagu da dama.

Wanda har yanzu yake wasi-wasi akwai gajeriyar hanya, a 2003 su ukun sun yi yawon wasa tare a ƙarƙashin G3, wani shiri na haɗa gwanayen jita uku wanda Satriani ya ƙirƙiro, an ɗauki na birnin Denver a bidiyo, a ƙarshe suna hawa dandali tare suna karɓa-karɓar solo a kan kiɗa ɗaya. Kalli wannan, cikin minti goma za ka san wanda jininka ya haɗu da shi, Yngwie yana harba ƙafa yana zubo sautuka ba numfashi, Vai yana murɗa fuska yana sa jita magana, Satriani a tsaye da baƙin gilashi yana gina nasa a hankali.

Sai ka yi hattara wajen nema domin sunayen suna rikita mutane. Rising Force sunan albam ne, sunan ƙungiyar Yngwie ne, kuma sunan wata waƙa ce da ke cikin Odyssey na 1988, idan ka rubuta shi haka kawai waccan waƙar ce za ta fara fito maka, wanda muke magana shi ne mai hoton hannu ya ɗago jita daga cikin wuta kuma Black Star ce ta farko. Flex-Able yana da ƙani mai suna Flex-Able Leftovers, ragowar abun da bai shiga ba ne, an fitar da shi a 1984 aka faɗaɗa shi a 1998, kar ka fara da shi. Satriani kuma yana da wani ƙaramin faifai na 1984 mai sunansa wanda ya fitar da kansa kafin Not of This Earth, komai na cikinsa da jita aka yi har abun da ke kama da ganga, da wuya ka same shi shi kaɗai amma yawancinsa yana cikin Time Machine na 1993, kuma daban yake da albam ɗin 1995 wanda shi ma Joe Satriani aka sa masa.